Doguwar Adasa da Jinjirin Watan Rajab

Yasir, Nafisa, na san abin da kuke gaya wa 'ya'yanku. Kuna cewa wani Balarabe Bahadrame mai kantin kyamarori a unguwar Sharafiyya ta Jidda ne ya yaudari uwarku, ya manna mata kayan da ba su dace da aikinta ba, har sana'arta ta ɗaukar hoton biki ta durƙushe. Na sha jin ku kuna ba da labarin kuna dariya, ni kuma ina yin shiru, ba don gaskiya kuka faɗa ba, sai don bakina yana nauyi a kan maganar. Yanzu tsufa ya zo, gwiwa ta ƙi bene, na ga gara in rubuta kafin ku binne ni da wannan labarin. Da gangan nake rubutawa da Hausa. In ta yi muku tsauri, ku nemi mai karanta muku, ku ɗan ji kunya. Ba wanda ya yaudare ni. Ammi Salim mai kantin nan, Allah ya jiƙansa, roƙona ya yi ta yi kada in saya.

Ku kun san yadda bikin Jidda yake, amma jikokina na iya tasowa su tarar komai ya sauya, don haka bari in faɗa. Maza suna nasu ɗakin, mata suna nasu. Da mace ta wuce ƙofar gasar, wato babban gidan da ake haya don biki, sai ta cire abaya ta miƙa a rataye mata, ta fito da kwalliyar da ta daɗe tana tanadi: gashi a buɗe, kafaɗa a buɗe, gwal har gwiwar hannu. Namiji ko ƙeyarsa ba a gani. To wa zai ɗauki amarya hoto? Dole mace. A nan na ci abincina shekara da shekaru da wata tsohuwar kyamarar fim. Ba gwaninta ce ta sa gidajen Larabawa da na Hausawa suke nemana ba, akwai waɗanda suka fi ni iya hoto nesa ba kusa ba. Amana ce. Ƙa'idar ita ce, amarya kaɗai ake ɗauka, sai waɗanda uwarta ta nuna da yatsa. Baƙi ba a taɓa su. In na ɗaga kyamara, matan da ke kusa su ja mayafi su rufe fuska, na nesa kuwa su ci gaba da rawarsu, domin kowa ya san kyamarar Ummu Yasir gajeren hannu gare ta, ba ta kaiwa can. Da wayoyi masu kyamara suka fito, sai aka riƙa ajiye wata ƙatuwar mata a bakin ƙofa tana caje jakunkuna tana ƙwace su. Ni kaɗai nake wucewa ta gabanta da kyamara a wuya, har tana yi mini tafaddali, wato bismillah, shigo. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai Abuya, mahaifina, wanda kuke kira Sidi. Kun san shi tsoho a kan tabarma da carbi, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Da ƙafa ya zo ƙasar nan yana yaro, a bayan iyayensa, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ya yi ga-ruwa da garwa biyu a kafaɗa a cikin tsohon gari, daga baya ya kafa tukubar tsire a bakin lungunmu na Ruwais. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Abu ɗaya ne ba ya fashi a kansa. Duk ƙarshen wata, da an sallame Magariba, sai ya bar tukuba a hannun duk wanda ke kusa, ya hau saman benenmu ya fuskanci teku. Ba wanda ya naɗa shi, ba alƙalin da ke jiran shaidarsa. In rediyo ya ce gobe azumi, zai ɗauka tare da kowa. Amma yakan ce shi zuciyarsa ba ta shiga sabon wata sai idonsa ya fara shiga. Idon kuwa Allah ya ba shi. Ina ƙarama nakan tsaya gefensa riƙe da bakin rigarsa, ina kallon sama jawur ba komai a cikinta, sai in ji ya ce ga shi, ya kama kaina da hannu biyu ya ɗan juya shi. Sai ga wani farin abu siriri kamar yankan farce, a daidai inda zan iya rantsewa babu komai ɗazu. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A lokacin gani nake kamar shi ne yake kiran watan ya fito. Daga ƙasa kuma maƙwabta suna ɗago kai daga kan bencinsu.

"Malam Idi, an gani?"

"An gani, alhamdu lillahi."

Daga nan kowa ya kama gabansa, hankali a kwance.

Hayaƙin tukuba da shekaru suka haɗu suka ci idon nan. Aka yi masa aikin yana, bai ƙaru da wani abin kirki ba. Likita ya ce matsalar tana can ciki, manyan abubuwa zai ci gaba da gani, ƙanana kuwa sai haƙuri. Duk da haka bai daina hawa ba, har zuwa yammar da ku biyun kuka raka shi. Ba na ɗora muku laifi, murna ce ta ɗebe ku. Ke Nafisa kika fara gani, kika hau tsalle kina nuni.

"Sidi, shuf! Ga shi can kusa da eriya! Ƙato ne ma yau!"

Ya juya fuskarsa inda muryarki ta nuna, ya tsaya ƙyam. Ina kallonsa yana ware ido yana ƙanƙancewa, yana goge su da bakin rawani. Ya daɗe a haka. Can sai muryar maƙwabcinmu ta taso daga lungu, ya yi tambayar da aka saba.

"Yara sun gani," in ji Abuya.

Daga ranar bai ƙara taka matakalar nan ba. Babanku ya sayo masa darbil, wato madubin hangen nesa, a kasuwar gwanjo, irin mai ido biyun nan, muka lallaɓa shi ya gwada daga taga. Hannunsa yana rawa, sama kuma faɗi gare ta, ya yi ta lalube bai dace da komai ba, ya miƙo abin ya ce a ba yara su yi wasa. Ya rage cin abinci. In aka tambaye shi yau nawa ga wata, sai ya ce a tambayi kalanda. Mutumin da ya rasa iyaye a hanya, ya binne mahaifiyata, ya sha korar 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, da tukubarsa bai taɓa karaya ba, sai ga shi ɗan siririn abu ya kwantar da shi. Na ji tsoro ƙwarai, domin na ga alamar mutum yana naɗe tabarmarsa tun ba a kira shi ba.

A wannan shekarar ce fim ya fara mutuwa a hannunmu. Amare suka koma son ganin hotonsu nan take, iyayensu kuma suka gane cewa da kyamarar dijital ba sai an kai fuskar 'yarsu wurin wanki ba. Na sami kyamarar a hannun wata mai hoto da za ta koma ƙasarsu, amma gangar jikin kawai, babu adasa, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba. Tsofaffin nawa kuma suka ƙi shiga bakinta. Abin da na tara ba zai wuce adasa ɗaya ba, don haka dole ta zama mai zum, irin wadda ake murɗawa ta kawo abu kusa ko ta mayar da shi nesa, wadda zan ɗaura in manta da ita, ta yi mini aikin yau da kullum. Babanku ya kai ni Sharafiyya bayan La'asar. Ammi Salim ya daɗe yana sayar mini da fim, ya san aikina ciki da bai. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan gilashin kanta, ya ajiye adasa biyu, ya turo mini gajerar mai kauri.

"Ya binti, wannan ce taki. Bakinta faɗi ne, ko haske kaɗan ne sai ta tattaro shi. In aka kashe fitilu don zaffa, lokacin fitowar amarya, ita tana gani. Kika murɗa baya, ta ɗauko miki amarya da danginta. Kika murɗa gaba, ta kawo miki fuska. Iyakarta ke nan, kuma iyakar buƙatarki ke nan."

"Waccan fa?"

"Waccan ta masu yawo ce, masu ɗaukar jirgin ruwa da tsuntsu. Tana farowa daga inda wannan take farowa, amma ta zarce ta nesa. Da rana sarauniya ce. A cikin gasar kuwa za ta sa ki kuka. Don dai ki gani na fito da ita."

Da bai fito da ita ba, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Na ɗaura gajerar na leƙa daga bakin ƙofar kanti. Titi ya fito tas, masu shawarma da masu kiran kasuwa, komai yadda nake so. Na ce madalla. Sai ƙwalama irin tawa ta sa na ce a ɗaura mini ɗayar ma. Na sa ido, na fara murɗa zoben. Adasar ta riƙa fitowa tana ƙara tsawo a hannuna, titin ya riƙa tahowa gare ni, motoci suka fice ta gefe, benaye suka fice, har na wayi gari a kan hasumiyar wani masallaci da ke can ƙarshen titi, wadda da ido sai ka ce tsinke. A ƙololuwarta akwai jinjirin wata na tagulla. Na ga lotsawar da ke jikinsa. Na ga tantabara a zaune cikin lanƙwasarsa tana gyara fiffike da baki, iska tana ɗaga mata gashin wuya. Na ɗauke ido na duba da kaina, babu tantabara, babu tagulla, sai tsinke. Na mayar, ga ta nan. Subhanallahi! Na girma a cikin gilasai, amma ban taɓa jin abin da na ji a bakin ƙofar nan ba. Ashe duk abin nan yana can a zaune, ni ce kawai ba na kaiwa. Na tsaya ina ta kallon watan tagullar nan.

"Ke, biki za ki ɗauka ko hasumiya?" in ji babanku.

Ban kula shi ba. Na koma ciki.

"Ammi, ka ce ba ta gani a duhu. In abin da za a kalla shi da kansa haske ne fa?"

"Kamar me?"

"Kamar wata."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi babanku. Babanku ya sunkuyar da kai, domin shi ya gane inda na dosa.

"In kin kafa ta a kan ƙafa uku, matokarin kyamara, ba ta motsi, za ta kawo shi," in ji Ammi Salim. "Amma ya binti, wata ba ya biyan mai hoto. Ki ɗauki gajerar, ki ci abincinki. Wallahi da 'yata ce ke, abin da zan gaya miki ke nan."

"Doguwar nake so."

Ya yi ta fama, na kafe. Kun san halina. A ƙarshe ya naɗe ta yana girgiza kai, ya ce in adana kwalin, duk ranar da hankalina ya dawo in kawo ya musanya mini. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa ya cuce ni.

Bikin farko da na shiga da ita na wani babban gidan Larabawa ne, Hajiya Lami ce ta samo mini. Ita Bakanuwa ce mai ƙawata kujerar amarya, kuma yawancin manyan ayyukana ta hannunta suke zuwa. Da farko komai lafiya. Sai lokacin zaffa ya yi, aka kashe fitilu, aka bar haske ɗaya a kan amarya tana saukowa daga bene a hankali. Na danna, adasar ta hau kai da komo tana neman inda za ta tsaya, sai ka ce akuya a bakin ƙofar da ba ta sani ba. Kafin ta kama, amarya ta sauko taki biyu. Don in tsere wa matan da suka tare mini gaba, sai na ja da baya na murɗa zoben har ƙarshe. Adasar ta miƙe zaƙaƙam a tsakiyar mata. Wata tsohuwa, gwaggon ango, ta ƙwalla ihu da Larabci tana nuna ni, wai ga na'urar da ke ɗauko mutum daga ƙarshen ɗaki. Kan ka ce me, gasar ta hargitse. Masu jan mayafin tebur su rufe kai suna yi, masu gudu wajen abaya suna yi, mai kiɗa ta tsaya. Amarya tana tsaye a kan matakala, ba wanda ke kallonta.

Na kai kyamarar gaban uwar amarya, na nuna mata hotunan ɗaya bayan ɗaya a ɗan allon da ke bayanta. Babu baƙuwa ko ɗaya a ciki. Ta yarda, ta ce ma'alesh, wato ba komai. Amma tsohuwar nan ba ƙarya ta yi ba, kuma na san haka. Ban ɗauke su ba, amma da na so da na ɗauka, kuma daga ranar kowace mace a ɗakin ta san haka. Dā abin da ya sa suke sakewa a gabana shi ne ba na iyawa. Yanzu sai dai su dogara da cewa ba na so, wannan kuwa ba kowa ne zai sayar da sirrinsa a kai ba. Magana ta zaga gidaje, waya ta yi shiru.

Ban mayar da ita ba, domin wata bai ƙare ba. Da ya ƙare, na hau bene ni kaɗai da ƙafa ukuna. Yammar farko tururin teku ya rufe gabar sama ruf. Washegari na same shi, na ɗauka, na sauko da gudu kamar yarinya, na faɗaɗa hoton har ya cika allon, na kai shi dab da hancin Abuya. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa.

"Na ga wani fari a lanƙwashe," ya ce. "Hoto ne?"

"Hoton watan yau ne, Abuya. Yanzu na ɗauko."

"Allah ya yi miki albarka. Amma wannan labari ne, Uwata. Da shi da rediyo duk ɗaya. Ke kika gani, kika zo kina gaya mini."

Ya miƙo mini kyamarar ya ci gaba da jan carbi. Na ce masa akwai wurin leƙe, in ya sa ido a nan watan ne da kansa zai gani ta cikin gilashi, kamar yadda ake gani ta tabarau. Ya ce ya gama hawa bene ya tsaya yara suna nuna masa sama. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, rabi na tausayi, rabi na haushi, domin taurin kan nan a wurinsa na gada.

Ana cikin haka Hajiya Lami ta zo gida takanas. Ko shayin da na zuba mata ba ta taɓa ba.

"Ummu Yasir, sizin biki ya zo, kowa yana son ya aurar kafin azumi. Kwastomomi suna tambayata, wai har yanzu da igwar nan kike yawo? Ki mayar da ita yau, in zaga in ce kin canza, a wuce wurin. In kika bari aka shiga Rajab, wallahi sai dai in nemi wata. Ni ma da bakin da nake ciyarwa."

"Ki ba ni zuwa tsayuwar wata."

"Wane irin wata kuma? Me ya haɗa ki da wata?"

Na gaya mata. Ta riƙe haɓa tana kallona, idonta ya kawo ruwa, amma ta ce ba za ta iya jira ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da muka manta shi ne, idon Abuya ne ya tafi, kunnensa yana nan garau. Tana fita ya kira ni.

"Uwata, zo nan. Gaskiya ne abin da na ji? Kin zubar da sana'arki saboda tsohon ido?"

"Ba zubarwa na yi ba, Abuya."

"Wauta kika yi. Wa ya aike ki?" Ya riƙa murza ƙwayar carbi ɗaya a wuri ɗaya. "Yau nawa ga wata?"

Rabon da ya yi wannan tambayar da bakinsa har na manta. Na gaya masa.

"To. Tunda kin riga kin yi wautar, kada ta tashi a banza. In lokaci ya yi, a kai ni."

Watan Rajab muke jira, wanda shi yake kira watan azumin tsofaffi. Da aka idar da Magariba babanku ya tallafe shi suka kama matakala, suna hawa suna hutawa, ina jin hakinsa daga sama. Ku kuwa na kora ku gidan maƙwabta, in kun tuna, kuka tafi kuna ƙunƙuni. Tekun da muke gani shimfiɗe ina yarinya, dogayen benaye sun cinye shi, saura wata 'yar kafa tsakanin guda biyu. Allah ya taimake mu iskar arewa ta share sama a ranar, ta bar ta ja daga ƙasa, kore-kore daga sama. A cikin kafar nan na same shi, siriri, ya kwanta da bayansa. Na saita shi a tsakiya, na ɗaure ƙafa ukun tamau, na kamo Abuya na sa masa ido a wurin leƙen, na ce kada ya taɓa komai.

"Me ka gani?"

"Hazo."

"Ka ƙara dubawa, Abuya. A tsakiya yake."

"Hazo ne, Uwata. Fari-fari dai."

Watan yana gangarawa, ba jiranmu zai yi ba, Abuya kuma ya fara ɗago kai. Sai Allah ya tuna mini da wani ɗan ƙaramin abin murɗawa da ke maƙale a gefen wurin leƙen, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ake daidaita wa mai kyamara da ƙarfin idonsa. Ni na saita shi a kan nawa idon tun ranar farko na manta da shi. Na dafa ƙeyar Abuya na mayar da kansa, na ce ya yi haƙuri. Na fara murɗawa da farce, ƙyas, ƙyas, ina tambaya yana cewa a'a. Na kusa kai shi ƙarshe.

"Tsaya."

Na tsaya. Ba wanda ya yi motsi. Ina jin ƙarar motoci can nesa, da wata mata tana kiran ɗanta a lungu. Hannun Abuya da ke kan kafaɗata yana rawa kullum, sai na ji ya daina, ya damƙe ni.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Allahu Akbar. Ga shi. Ga ƙahonsa biyu. Uwata, ga shi nan kamar in miƙa hannu."

Ya karanta addu'ar ganin wata, muryarsa tana karyewa, bai ɗauke ido ba. Babanku ya juya mana baya yana share fuska da hula. Na ɗauka shi ke nan, sai Abuya ya ci gaba da kallo, ya daɗe, har na fara jin tsoron ƙafarsa za ta gaji.

"Kin taɓa abin nan?"

"Ban taɓa ba."

"A tsakiya kika ajiye shi. Yanzu ya sauka ƙasa." Ya ja numfashi. "Tafiya yake yi. La ilaha illallahu, ina ganinsa yana tafiya. Tun ina yaro nake cewa wata ya faɗi, wata ya faɗi, ban taɓa ganin tafiyarsa ba sai yau da na makance."

Na tsaya ina kallon tsohon nan a sunkuye, da ɗan siririn hasken can a saman teku, na ji duniya ta yi mini girma, na ji ni ba kowa ba ce, kuma ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Na kai hannu zan karkata kyamarar in bi masa watan, ya riƙe ni, ya ce in bar shi ya fita da kansa. Sai ya ɗago.

"Zo ki duba kafin ya wuce, a samu shaida biyu."

Na sa ido. Ban ga komai ba sai hazo, fari-fari, domin yanzu kyamarar a kan idonsa take. Na ɗaga kai na nemo watan da idona, na ce na shaida. Ya lallaɓa zuwa bakin katanga, ya leƙa lungu. Maƙwabta sun daɗe da daina tambaya, suna can suna hirarsu a kan benci. Bai jira su ba.

"Jama'a, an ga wata! Ni na gani!"

Manyan gidaje ba su dawo ba. Ko da na sami halin sayen gajerar daga baya, suna ya riga ya bi ni, sai na koma ɗaukar suna da walima a gidajen Hausawa, da hoton fasfo na matan da ba sa son zuwa wurin namiji. Mun ɗan matsu, kun ji a jikinku, na sani, kuma ba zan ce muku ba komai ba ne. Abuya kuwa ya ci gaba da hawa duk ƙarshen wata. Wani watan mu gani, wani watan tururi ya hana, ya sauko yana faɗa da teku kamar dā. Ya koma cin abincinsa. Kowane wata nakan murɗa ɗan abin nan zuwa idonsa, da safe in mayar da shi nawa in tafi aiki. Watan Muharram ne na ƙarshe da ya gani. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, ban sami sukunin mayarwa ba, bayan an kai shi makwancinsa kuma na kasa. Wata ƙaramar kyamara na saya na ƙarasa aikina da ita.

Tana nan a saman kabad ɗina, naɗe cikin farin rawani, da doguwar adasar a jikinta. Bayan raina in kun ɗauko kun leƙa, za ku ga dishi-dishi. Ba lalacewa ta yi ba, a kan idon Sidinku take. Kada wanda ya gyara.